Izgar Goge: Yadda Ake Kula da Ita da Adana Ta

Gabatarwa

Goge yana ɗaya daga cikin tsofaffin kayan kiɗan Hausawa, kuma shi da ƙanensa kukuma ne kaɗai a cikinsu ake fitar da sautinsu ta hanyar goga gashi a kan gashi. Ana yin sa da ɓarin ƙwarya wadda masu sana'ar ke kira kumbo, a rufe bakinta da fatar guza, a soka sanda ta zama wuya, sa'an nan a ɗaura tsagiya daga kan wuyan zuwa gindin kumbo, ta bi ta kan wani ɗan ice mai ƙafafu da ake kira jaki. Tsagiyar nan tarin gashin wutsiyar doki ce. Abin da makaɗi ke riƙewa a ɗaya hannun yana goga ta da shi kuwa, wato ɗan bakan nan na ƙarfe ko na ice, sunansa izga. A wasu wurare a ce yazga, wasu kuma su ce tambara. Shi ma gashin doki ne aka ɗaure a jikinsa. Waɗannan sunaye suna cikin ƙamus ɗin kalmomin kiɗan Hausa da David Ames da Anthony King suka wallafa a shekarar 1971.

Abin da ya sa muka keɓe wa izga wannan shafi shi ne, a duk sassan goge babu abin da ya fi ta saurin lalacewa, kuma babu abin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi kamarta. Kumbo da wuya kan yi shekaru masu yawa suna aiki, amma gashi mako guda na sakaci ya isa ya kashe shi. Ga makaɗi, wannan asarar abin neman abinci ne a ranar da ake jiran sa a gidan biki. Ga makarantu da ƙungiyoyin wasannin gargajiya da gidajen adana kayan tarihi kuwa, asara ce da ba a cika iya mayar da ita ba, domin ba kowane gari ne za a shiga a sami wanda ya iya ɗaurin izga ba. Duk abin da za mu faɗa game da gashin izga ya shafi tsagiya, tun da asalinsu ɗaya ne.

Yadda gashi ke fitar da sauti

Akwai wani tsohon zato, wanda har a wasu littattafan Turawa ya shiga, cewa gashin doki yana da wasu ƙananan ƙayoyi da ke kama tsirkiya. Gaskiya ne idan aka duba shi da madubin ƙara girma za a ga bayansa da ɓawo-ɓawo kamar na kifi, amma ɓawon a kwance yake, ba shi ne ke kamun ba. Sabon gashi da aka wanke, in aka goga shi a tsagiya, sulɓewa kawai zai yi ba tare da wani amo ba. Ƙaro ne ke kamu, aikin gashi shi ne ya riƙe ƙaron.

Idan makaɗi ya ja izga, ƙaron yakan manne wa tsagiya ya ja ta gefe kaɗan, har ƙarfin ɗaurinta ya rinjayi mannewar, sai ta kuɓuce ta koma baya, nan take ƙaron ya sake kama ta. Wannan kamu da saki yana faruwa sau ɗaruruwa a cikin daƙiƙa guda, shi ne kunne ke ji a matsayin kukan goge. Masanin nan na ƙasar Jamus, Hermann von Helmholtz, ya yi bayanin wannan motsi tun a shekarun 1860. Wanda ya fahimci haka ya fahimci rabin aikin kula da izga, domin duk abin da zai shiga tsakanin gashi da ƙaro, ko maiƙo ne ko ƙura ko laima, zai rage muryar goge.

Zaɓen gashi

Gashin ingarma aka fi so a kan na goɗiya, saboda fitsarin goɗiya yana jiƙa wutsiyarta a kai a kai, ya rina gashin ya kuma raunana shi. Dangane da launi, gashin farin doki, irin kili, ya fi siranta da laushi, na akawal kuwa ya fi kauri da kaushi, saboda haka ya fi kamu da ƙara. Babu wanda ya fi wani a dunƙule. Goge babba mai kaurin murya yana jure baƙin gashi, kukuma ta fi dacewa da siriri. Abin da ya kamata a guje wa shi ne gashin da aka wanke da sinadarin kore launi don ya yi fari, domin yakan yi gautsi, ba ya jimawa yake tsintsinkewa.

Ana gane gashi mai kyau ta hanyar jan sa a tsakanin yatsu biyu daga tushe zuwa baki. In aka ji ƙulli, ko lanƙwasa, ko wurin da ya sirance fiye da saura, a fitar da wannan silin, domin a nan zai tsinke. Sa'an nan a ɗauki sili guda a ja shi a hankali: mai rai yakan ɗan miƙe kafin ya tsinke, wanda ya tsufa kuwa karyewa yake yi farat ɗaya.

A nan Jihar Kano ba mu da ƙarancin dawaki, duk wanda ya taɓa ganin Hawan Daushe shaida ne, kuma a shekarar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano a jerin al'adun da duniya ke tunƙaho da su. To sai dai dokin hawa wutsiyarsa adonsa ce, kuma da ita yake korar ƙudaje. Gashin wutsiya bai wuce santimita 1 zuwa 2 yake ƙaruwa a wata ba, ke nan tsawon da izga ke buƙata aikin shekaru ne. Don haka ba a yanke wa doki wutsiya dungurungum. Hanyar da ta dace ita ce a nemi iznin mai doki ko mai kula da barga, a ɗebi kaɗan-kaɗan daga cikin wutsiyar inda ba za a ga gurbi ba, in da hali daga dawaki biyu ko uku. Yankar wutsiyar dokin wani a ɓoye kuwa ɓarna ce da kan kai mutum gaban hukuma.

Akwai kuma batun lafiya. Kada a ɗebi gashin dabbar da ta mutu ba a san abin da ya kashe ta ba. Ƙwayoyin cutar nan da makiyaya ke kira saifa suna iya zama a jikin gashi da fata shekara da shekaru, kuma a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya mutane sun kamu da ita a Ingila da Amurka ta hanyar burushin aski da aka yi da gashin doki. An tabbatar da ɓullar cutar a Suleja ta Jihar Neja a watan Yulin 2023, saboda haka ba tarihi ne kawai ba.

Ƙaro

Kalmar ƙaro a Hausa ta haɗa abubuwa biyu da halinsu ya sha bamban, kuma a nan ne masu koyo suka fi yin kuskure. Akwai ƙaro irin na dakwara, wanda ake sa wa tawada: wannan yana narkewa a ruwa, in ya sha laima ya yi danƙo, in ya bushe ya yi tauri kamar gilashi. In aka shafa shi a izga, da gumin hannu ya taɓa shi sai ya haɗe gashin wuri ɗaya. Akwai kuma ƙaro irin na turare, kamar na itacen hano da wasu ke kira ararrabi: shi ba ya narkewa a ruwa, in an kusanta shi da wuta ya yi laushi ya tashi da ƙamshi, in an kankare shi ya zama farin gari mai ɗan kama yatsa. Mai wannan hali shi ne na izga. Gwajin ba wuya, a jefa ɗan guntu a kofin ruwa a dawo bayan awa guda. Turawa kuma suna samun nasu daga ruwan itacen fayin da aka dafa, kuma yana aiki a goge sarai.

Sabon gashi yana buƙatar ƙaro da ɗan yawa a karon farko, a bi shi daga wannan baki zuwa wancan har sai ya fara kamu. Bayan nan, shafawa uku ko huɗu kafin a fara kiɗa ta wadatar. Alamar an yi yawa ita ce farar ƙura ta riƙa tashi tana sauka a kan fata, sautin kuma ya yi ƙaiƙayi a kunne. Alamar ya yi kaɗan ita ce izga ta riƙa zamewa, makaɗi ya ga sai ya danna da ƙarfi kafin goge ya amsa. Mun lura masu koyo da yawa in sauti ya ƙi fita sai su ƙara ƙaro, alhali sau tari datti ne ya toshe gashin, ƙarin ƙaro a kan datti kuwa ƙara taɓarɓara lamarin yake yi. Bayan an gama kiɗa a share garin ƙaron da ya zuba a kan fata da busasshen ƙyalle, domin in ya daɗe yakan daskare.

Hunturu da damina

Gashi yana shan laimar iska. In ya sha ya miƙe, in ya bushe ya tsuke. Wannan hali tabbatacce ne har wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, Horace de Saussure, ya ƙera ma'aunin laimar iska da silin gashin mutum a shekarar 1783. A ƙasashe masu madaidaicin yanayi sauyin ba ya tsananta, amma a wurinmu abin ya kai maƙura ta fuska biyu. Da rana a watan Janairu da Fabrairu laimar iska a Kano takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, a watan Agusta kuwa takan haura kashi 70. Izgar da aka ɗaure ta ɗau a tsakiyar damina, in hunturu ya shigo gashinta zai tsuke da 'yan milimitoci, kuma wannan ya isa ya sa sili-sili su riƙa tsinkewa tun ba a taɓa su ba, ko bakan ice ya tsage. Wadda aka ɗaure da hunturu kuma in damina ta sauka sai ta saki.

Maganin wannan shi ne mai ɗauri ya yi la'akari da lokacin da yake ciki. In da damina ne ya bar ɗan sassauci, in da hunturu ne ya ɗan ƙara matsewa. Makaɗin da ke da hali zai fi samun sauƙi in ya ajiye izga biyu. Tsagiya ta fi izga sauƙin sha'ani, domin tana da ƙahon butulu, wato ɗan abin nan da ake turawa a ƙarƙashinta daga gindin kumbo don a ƙara mata ɗauri. Abin da ake so shi ne a sassauta shi duk lokacin da aka gama kiɗa, musamman in za a yi kwanaki ba a taɓa gogen ba.

Da damina makaɗa kan ɗan gasa fatar goge a gefen garwashi don ta ɗame. Wannan babu laifi in an yi da nisa, amma a ajiye izga gefe, kuma a kare tsagiya da tafin hannu. Zafi kai tsaye yana ƙona gashi ko da ido bai gani ba, yana kuma narkar da ƙaro ya dunƙule. Haka nan kada a bar goge a cikin mota a rufe da rana, ko a rataye shi kusa da kwanon rufi da bazara. Ƙurar hunturu ita ma tana manne wa ƙaro ta zama kamar yashi tana cin gashi, don haka a riƙa sa izga a jakarta.

Maiƙo da wanki

Babban makashin izga shi ne maiƙo. Yatsan mutum ko an wanke shi yana da maiƙonsa, balle an ci tsire ko an shafa basilin da hunturu. Duk wurin da aka taɓa yakan yi duhu, ƙaro ya daina zama a kansa, kuma daidai nan sauti zai riƙa yankewa. Saboda haka a hana yara da 'yan kallo shafa gashin, a kuma riƙe izga ta mariƙinta. Wasu kan shafa wa gashi man shanu ko man kaɗe da nufin kada ya karye da hunturu. Wannan yana gyara gashin kai da linzami, amma izgar da ta sha mai ta tashi daga aiki. Tsagiya ba ta da makawa daga yatsu, domin mai goge da taɓa ta yake sauya sauti ba tare da ya danne ta a jikin wuya ba. Abin lura kawai shi ne maiƙon saman kada ya gangaro wurin da izga ke bi.

In gashi ya yi datti ana iya wanke shi. A sami ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulu marar mai da turare, a jiƙa tsohon burushin goge baki mai tsabta, a bi gashin a tsaye daga baki zuwa baki, ana kiyaye wuraren ɗauri kada ruwa ya shige su. A ɗauraye sosai, domin ragowar sabulu ma santsi gare ta. A shanya a inuwa inda iska ke ratsawa har ya bushe sarai, a taje da ƙaramin mataji, sa'an nan a sa sabon ƙaro. Sifirit irin na asibiti yana narkar da tsohon ƙaro da sauri, sai dai yana ɓata fenti da rinin fata, don haka a kula kada ya ɗiga a jikin bakan. Kananzir da fetur ba su da wuri a wannan aiki. Wanki sau ɗaya ko biyu a shekara ya wadatar.

Idan sili ya tsinke

Silin da ya tsinke a yanke shi da reza ko almakashi dab da wurin ɗauri. Kada a fizge shi. Ƙullin da ke bakin izga dukkan gashin ya riƙe tare, duk silin da aka zare daga ciki yana rage masa cika, in aka yi ta yi wata rana gashin gaba ɗaya zai zube a tsakiyar wasa. In kuma aka ga tsinkewar ta fi yawa a wuri ɗaya kusa da baki, a duba ko tsatsa ce ta kama ƙarfen tana yankan gashin. A kankare ta, a naɗe wurin da zare ko siririyar fata daga wurin dukawa.

Ƙwari da ajiya

Wani lokaci mutum zai buɗe jakar gogen da ya daɗe a ajiye ya tarar gashin ya zube kamar an bi shi da almakashi. Wannan aikin asu ne, ko tsutsar wasu ƙananan ƙwari masu cin gashi da fata da ulu. Duhu suke so da wurin da ba a motsawa, shi ya sa gogen da ake kaɗawa kullum ba su cika taɓa shi ba, sai na cikin akwati da na ɗakin ajiya. Wannan ya fi shafar makarantu da ofisoshin al'adu na ƙananan hukumomi, inda akan sayi kayan kiɗa don wani biki sa'an nan a kulle su sai wata shekara.

Shawararmu ga masu kula da irin waɗannan ɗakuna ita ce a rataye goge a bango nesa da ƙasa saboda gara da ɓeraye, a wurin da haske ke shiga amma rana ba ta dukan sa, a kuma fito da shi a kaɗe aƙalla sau ɗaya a wata. In an ga alamar ƙwari, a cire ragowar gashin a ƙona, a kaɗe jakar a shanya ta a rana ita kaɗai. Busasshen ganyen darbejiya ko kafur da aka ƙulle a ƙyalle suna taimakawa wajen korar su, amma kada su taɓa gashin, kuma a nisanta kafur daga yara. Manyan gidajen tarihi na duniya kan kashe ƙwari ta hanyar daskarar da kaya a firiza na tsawon mako ɗaya zuwa biyu. Wannan yana buƙatar wutar da ba ta yankewa, kuma bai dace da kumbo mai ɗamammiyar fata ba. Kada a fesa maganin sauro a kan gashi, yawancinsu da mai ake haɗa su.

Sabon ɗauri

Komai kulawa, gashi yana tsufa. In ya daina riƙe ƙaro ko bayan wanki, ko ya ragu sosai ta gefe ɗaya, ko ya miƙe har yana taɓa bayan bakan, lokacin sauyi ya yi. Mai yawan wasa yakan buƙaci haka sau ɗaya ko biyu a shekara. Ana wanke sabon gashi, a tsince shi, a jera shi, kuma yana da kyau a juya rabinsa kai da gindi, domin gashin wutsiya ya fi kauri ta tushe, in aka jera shi fuska ɗaya wani ɓangaren izgar zai fi wani cika. A ƙulle baki ɗaya da zare mai ƙarfi, a ɗiga masa narkakken ƙaro ya riƙe, a ɗaure shi a jikin bakan. Sa'an nan a jiƙa gashin, a taje shi har kowane sili ya kwanta kusa da ɗan'uwansa ba tare da sarƙewa ba, a ɗan tanƙwaro bakan, a ɗaure ɗaya bakin, a saki a hankali. Tun da jiƙaƙƙen gashi zai tsuke in ya bushe, kada a yanke hukunci a kan ɗaurin sai washegari.

Wasu sun koma ga zaren roba irin na masunta saboda arha da jure laima. Yana fitar da sauti, ba mu musa ba, amma ba ya riƙe ƙaro kamar gashi, kuma wanda kunnensa ya saba da gogen Garba Liyo ko kukumar Ibrahim Na Habu da Ali Makaho da Garba Supa da Hassan Wayam zai ji muryar ta sirance. Ga yaro mai koyo babu laifi. Ga gogen da za a nuna wa baƙi a matsayin na gargajiya, gashin doki ne ya dace.

Dangin goge a wasu ƙasashe

Wannan ilimi ba na Hausawa kaɗai ba ne. Fulani suna da nasu gogen, Dagomba na arewacin Gana suna da gonje, Yarabawa suna da goje wanda marigayi Yusuf Olatunji ya shahara da shi a kiɗan sakara, Buzaye kuma suna da imzad, wanda mata ke kaɗawa, wanda UNESCO ta karrama a shekarar 2013 da sunan Aljeriya da Mali da Nijar. Farfesa Jacqueline DjeDje ta kwatanta gogen Fulani da na Hausawa da na Dagomba a littafinta na shekarar 2008. Duk waɗannan da gashin doki da ƙaro suke aiki.

Gogen Turawa mai tsirkiya huɗu, wanda mawaƙan Sudan ma suka rungume shi, izgarsa ta sami siffarta ta yanzu ne a hannun François Tourte na Faransa a ƙarshen ƙarni na 18. Tana ɗauke da sili 150 zuwa 200, yawanci daga dawakin Mongoliya da Saberiya da Kanada, kuma tana da noti a gindi da ake murɗawa a ɗame gashin ko a sake shi. Wanda ya mallaki irinta ya sake notin duk bayan wasa, in ba haka ba sandar za ta rasa lanƙwasarta, kuma da hunturunmu tana iya karyewa ta kai. In gashinta ya ƙare kada a ɗaure shi irin ɗaurin goge ko a zuba masa gam, domin wasu ƙananan katakai ne ke riƙe shi a cikin rami ta kowane baki, kuma da su ake mayar da shi.